Kwana goma a ƙauyen Maraɗi: sharhi kan wata ƙungiyar shirya tafiyar mishan da ke Jos

Tun ranar da aka sake liƙa sanarwa a allon majami'armu cewa wata ƙungiya mai ofis a nan Jos ta buɗe rajistar masu son zuwa aikin mishan da raya karkara a ƙasashen maƙwabta, ba a yi Lahadin da wani bai tare ni bayan an tashi sujada yana tambayata ko tafiyar ta cancanci kuɗin da ake nema ba. Dalili kuwa shi ne na taɓa bin wannan ƙungiya zuwa jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar a hutun Ista na 2023, watanni kaɗan kafin juyin mulkin 26 ga Yuli ya sauya al'amura a can. Amsar da mutum zai bayar a tsaye a bakin ƙofa ba ta taɓa wadatarwa, shi ya sa na ga ya fi dacewa in zauna in rubuta. Ba zan ambaci sunan ƙungiyar ba, saboda zan faɗi kurakuranta, kuma na tabbata ba ita kaɗai ke yin irinsu ba. Ni malamin aikin gona ne a wata makarantar sakandare, na haura shekara ashirin ina riƙe da alli, kuma da wannan matsayi aka ɗauke ni cikin ayarin, a matsayin wanda zai koya wa manoma dashen itatuwa.

Abin da ƙungiyar ke sayarwa a fili yake: ka biya kuɗi dunƙule, ita kuma ta ɗauki nauyin mota da masauki da abinci da kayan aiki na kwana goma. Kuɗin ya kusa cinye albashina na wata biyu, amma sun yarda a biya kashi uku, kuma duk biyan da na yi an ba ni rasit, abin da ya kwantar mini da hankali a daidai lokacin da ƙarancin takardun naira ya sa kowa ke ɗari-ɗari da kowa. Sun kuma tsaya tsayin daka kan takardu. Ba a bar kowa ya hau mota ba sai da fasfo da katin allurar shawara, aka kuma shawarce mu da yin rigakafin sanƙarau tunda lokacin zafi ne. Inda suka gaza a wannan mataki shi ne ba su bayyana yadda aka kasafta kuɗin ba, sai da wata malamar jinya daga cikinmu ta nace aka fito mana da takarda, wadda ta nuna cewa mota da masaukinmu ne suka lashe kaso mafi tsoka, abin da zai isa ƙauyen kuma bai taka kara ya karya ba.

An yi mana Asabar huɗu ana shirya mu, kuma a nan ne na fara ganin cewa ƙungiyar tana da baki biyu. Wani matashin jami'inta yakan kunna mana hotunan yara masu ƙwarangwal da busassun gonaki, yana maimaita cewa mutanen nan mu suke jira. Ɗayan mai koyarwar kuwa wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin bishara bayan ya shafe shekaru masu yawa a Nijar, kuma shi bai nuna hoto ko ɗaya ba. Ya tuna mana cewa a 1893 ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan, wato yankin da ya haɗa da arewacin Najeriya na yanzu, biyu daga cikinsu suka mutu kafin shekara ta zagayo, cewa Karl Kumm ya iso Wase a 1904, kuma ikilisiyar ECWA da hedkwatarta ke nan Jos sai a 1954 ta tsaya da ƙafarta. Abin da yake son mu fahimta shi ne waɗanda aikinsu ya ɗore sun shafe shekaru suna koyon harshe da gaisuwa kafin su buɗe baki, mu kuwa kwana goma kacal muke da su. Ya ce mana, "'Ya'yana, kwana ukun farko kada wanda ya koya wa kowa komai. Ku gaisa, ku zauna, ku yi tambaya." A lokacin na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai, domin a ganina wanda ya biya albashin wata biyu bai je zaman tabarma ba.

Kan tafiyar kanta ba ni da ƙorafi. Mun tashi daga Jos da asuba, muka bi ta Kano, muka kwana a Katsina saboda jagoran ya ƙi yarda a bi hanyar Jibiya da yamma, washegari muka tsallaka iyaka ta Magama zuwa Ɗan Isa, kafin azahar muna cikin Maraɗi. A wurin jandarmomi da 'yan duwan, wato jami'an kwastan, jagoran ne ya riƙe takardunmu baki ɗaya, bai bar kowa ya shiga ciniki da jami'i ba. Abin da suka manta su koya mana shi ne lissafin sefa. A can da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa faran biyar ce, saboda haka idan mai shayi ya ce dala ashirin yana nufin faran ɗari, jika kuma faran dubu ce. A daren farko na miƙa wa wani yaro kuɗin da bai kai ba ina ta musu da shi da Hausata ta Jos, har sai da mutanen da ke kan benci suka warware mana suna dariya. Na je da tunanin cewa tunda Hausa ake yi ba ni da abin koyo, ga shi tun ban isa ƙauyen ba an fara gyara mini ƙirga.

Babban kuskuren ƙungiyar shi ne lokacin da ta zaɓa. Azumin watan Ramadan na wannan shekara ya fara ne ranar 23 ga Maris, Ista kuma ta faɗo 9 ga Afrilu, wato a tsakiyar azumi, kuma babu wanda ya lura da haka a ofishinsu na Jos sa'ad da ake tsara jadawali. An rubuta aikin gayya daga ƙarfe goma na safe zuwa uku na rana, a ƙauyen da kowa ke azumi, a cikin bazarar da zafi ke haura digiri 40. Mu mutanen Jos da muka saba kwana da bargo, ranar farko biyu daga cikinmu suka kwanta. Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo a wurina, domin fannina ne. An sayo ɗaruruwan 'ya'yan itatuwa a leda, darbejiya da zaiti, za a dasa su a watan Afrilu, alhali damina ba ta sauka a can sai wajen Yuni, rijiyar garin kuma mata ne ke jan ruwanta da guga mai doguwar igiya. Na yi magana, amma a sanyaye, aka amsa mini cewa masu ba da gudummawa suna son ganin hoton dashe. Na yi shiru, kuma har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Wanda ya ceci tafiyar shi ne wakilin ƙungiyar na can, ɗan asalin Maraɗi, wanda da ya duba jadawalin ya naɗe shi ya sa a aljihu. Ya mayar da aiki daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, sannan ya soke shirin kwana a masaukin baƙi na cikin birni, ya roƙi mai gari ya sauke mu. Ni kuma ya haɗa ni da wani tsohon manomi, ya ce masa, "Baba, ga mushe daga Najeriya, malamin noma ne a lakwal, a zagaya da shi." Mushe shi ne malamin makaranta a bakinsu, lakwal kuma makarantar boko.

Da gari ya waye tsohon ya ɗauki gatari da wata lauje mai kaifi, muka nufi gonarsa. Ina tafe ina shirya abin da zan faɗa masa game da tazarar rami da takin gargajiya, sai ya tsaya a gaban wani ɗan kurmin sabara da bai wuce gwiwata ba, irin wanda nake sa ɗalibaina su tuge su ƙone duk shekara lokacin sassabe. Ya durƙusa, ya tone rairayi da hannu har wani baƙin kututture mai kaurin cinyar mutum ya bayyana, ya kama hannuna ya ɗora a kai. Ya ce, "Mushe, wannan icce ne, ba ciyawa ba. Saiwarsa ta girme ka. Kai ne kawai aka sare masa." Daga nan ya ƙirga tofon da ke fitowa daga kututturen, sun fi ashirin, ya zaɓi huɗu mafi miƙewa da ƙarfi, ya sare sauran daga tushe da sara ɗaya ɗaya, yana kai laujen daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Waɗanda ya bari ya rage musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu, ya yago wani jan tsumma ya ɗaura a jikin ɗaya, alamar cewa mai shi na sane da shi. Duk aikin bai kai minti biyar ba, bai ci ko sisi ba, kuma ba ya buƙatar ruwa ko cokali ɗaya, domin tsohuwar saiwar ta riga ta kai inda danshi yake. Sai ya nuna mini da gatarinsa wasu itatuwan kalgo da aduwa da magarya masu inuwa a tsakiyar gonar, ya ce duk haka suka fara.

Wannan shi suke kira sassabin zamani, kuma tarihinsa ya haɗu da aikin mishan ta hanyar da ba a faɗa mana a Jos ba. Wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda a lokacin yake aiki da mishan ɗin SIM a Maraɗi, ya shafe shekarunsa na farko yana yin abin da muka zo yi, wato raba 'ya'yan itatuwa, mafi yawansu kuma suna mutuwa saboda fari da iska da awaki. A 1983 ne ya gane cewa ƙananan kurmin da ke cike da gonaki kututtura ne masu rai. Yunwar 1984 ta sa aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin tofo a gona, kuma ko da yake da yawa sun sare nasu bayan an daina rabon, waɗanda suka bari sun ga amfani, maƙwabta suka kwaikwaya. Ƙiyasin da masu bincike suka yi daga baya ya nuna itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, Rinaudo kuma ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Abin da tsohon ya fi jaddada mini, wanda littafi bai cika kawowa ba, shi ne batun mallaka. A da, in ji shi, icce na gwamnati ne, ma'aikacin gandun daji na iya cin tararka a kan bishiyar da ke cikin gonarka, don haka mai hankali yakan kashe ta tun tana ƙarama. Sai da manomi ya tabbata iccen nasa ne sannan ya fara renonsa, kuma a 2020 gwamnatin ƙasar ta fitar da doka da ta amince wa manoma da haƙƙin itatuwan da suka rena ta wannan hanya.

A gindin wani gawo muka huta. Na san gawo a littafi, na sha rubuta wa ɗalibai a allo cewa yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, amma ban taɓa tsayawa na dubi ƙasar gindinsa ba sai ran nan. Tsohon ya ɗebo ƙasa daga nan da hannun dama, ya taka 'yan taku ya ɗebo ta fili da hagu, ya buɗe mini tafukansa biyu: ɗaya baƙa-baƙa mai ɗan nauyi, ɗaya farin rairayi da ke zuba ta tsakanin yatsu. Ya tambaye ni yawan ruwan da muke samu a Jos, na ce ya ninka nasu fiye da sau biyu. Ya girgiza kai ya ce, "To ruwa ne ya shagwaɓa ku." Ban sami amsa ba, domin tsaunukan da ke bayan gidana masu gawayi sun aske su tas, ga kududdufan haƙar kuza an bar su haka nan shekara da shekaru, mu ne kuma muka ɗauko zaiti a leda muka tsallaka iyaka.

Akwai wani sauyin da ƙungiyar ba ta tsara ba, ba ta kuma rubuta a sanarwarta ba, kuma shi ya fi wahalar faɗi. Wanda ya zauna a Jos ya san abin da rikicin Satumban 2001 da na 2008 da 2010 suka yi wa garin, yadda unguwanni suka rabu, yadda mutum ke sanin titin da zai bi da wanda ba zai bi ba idan rana ta faɗi. Ni tun 2001 ban sake kwana a gidan Musulmi ba, ban kuma taɓa zama na yanke shawarar haka ba, haka rayuwar ta lanƙwasa kawai. Daren farko a zauren mai gari barcina rabi da rabi ne. Washegari da tsakar rana, ana tsananin zafi, sai ga 'yarsa ɗauke da ƙwaryar fura da akushin tuwon gero, uwargidan ta dafa mana alhali ita da duk gidan suna azumi. Muka ci muna sunkuyar da kai. A rana ta uku muka aika a roƙe ta ta daina hura wuta da rana, za mu riƙa jiran buɗa-baki tare da kowa, sai da aka kai ruwa rana kafin ta yarda, domin a wurinta abin kunya ne baƙo ya wuni da yunwa a gidanta. Ranar Lahadi kuwa, ba tare da mun nema ba, mai gari ya sa aka shimfiɗa mana tabarmi a gindin tsamiya don mu yi sujada, ya kuma sa wani saurayi ya kore yara kada su dame mu.

Shi wannan mai garin ne kuma ya gaya wa jagoranmu kai tsaye, tun ranar da muka sauka, cewa aiki da zumunci suna maraba da su, amma kada a raba wa yara takardun wa'azi. Jagoran ya ce, "Ranka ya daɗe, mun ji," ya kuma cika alkawari. Wasu daga cikin ayarin sun yi gunaguni, suna cewa ba don su share gona suka bar iyalinsu ba. Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba, laifin na ƙungiyar ne da ta rubuta kalmar mishan da manyan haruffa ba tare da ta fayyace abin da take nufi da ita a ƙasar da kusan kowa Musulmi ne ba. Ziyarar yini ɗaya da aka kai mu cibiyar kula da kutare da masu yoyon fitsari da ke Danja, kusa da Maraɗi, ta amsa mini wannan tambayar fiye da kowace muhawara, haka ma labarin asibitin Galmi da ke aiki tun 1950. Mutanen da suka daɗe a can da jinya da haƙuri suka daɗe.

Abin da ba zan yafe wa ƙungiyar da sauƙi ba shi ne hotuna. Matashin jami'in nan ya wuni yana jera yara, yana zaɓen masu yagaggun riguna, kafin mu dawo Jos hotunan suna Facebook da rubutun neman taimako a ƙarƙashinsu. Wata mata a bakin rijiya ta tambaye ni, "Malam, ina za a kai hoton ɗana?" Na san amsar, kuma ban iya faɗa mata ba. Babu hoto ko ɗaya na tsohon nan da laujensa, domin mutumin da ke koya wa baƙo aiki ba ya jawo gudummawa. Bayan dawowa ma hidimar ta yanke kamar an datse igiya. Rahoton da aka yi alkawari bai zo ba, zauren WhatsApp ɗinmu ya mutu cikin wata guda, sai wakilin Maraɗi ne, don kansa, ya turo mini saƙon murya bayan damina yana cewa 'ya'yan itatuwan da muka dasa waɗanda suka rayu ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, su ma don suna harabar lakwal ne inda yara ke ba su ruwa.

Ga mai tambaya ko ya biya, hukuncina ya dogara da abin da yake zaton zai saya. Idan yana ganin taimako zai kai, to ya aika kuɗin ga wanda ke zaune a can ya fi, domin kuɗin motarmu kaɗai da ya gyara rijiyar garin, kuma ba banza ba ne shirin gwamnatin Najeriya na tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, wanda aka kafa a 1987, yake ba mutum shekara biyu a wurin aiki. Idan kuwa ya ɗauki kuɗin a matsayin kuɗin makaranta, ni ban yi asara ba. Sanarwar bana ta ce arewacin Ghana za a je, abin da ba mamaki tunda an rufe iyakarmu da Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, Nijar ɗin kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Kafin mutum ya biya kashi na farko, ya nemi a nuna masa kasafin kuɗin a rubuce, ya tambayi wane ne wakilinsu a can da shekarun da ya yi a wurin, ya tambayi ko mutanen garin ne suka nemi aikin ko a ofishin Jos aka ƙirƙiro shi, sannan ya ɗauki kalanda da kansa ya duba azumi da damina. Idan aka ce masauki a birni ne, ya roƙi a sauke shi a cikin gari.

Laujen da nake aiki da ita yanzu a wurin wani maƙeri na sayo ta, a wata unguwa ta bayan titin Bauchi da na shekara fiye da ashirin ban taka ba, kuma na koma wurinsa sau biyu don wasa ta. A gonar makarantarmu na hana ɗalibai tuge kututtura, muka sami kalgo bakwai da ɗorawa biyu da ke tofo a gefen katanga, muka rage su yadda tsohon ya nuna mini, muka ɗaura musu jan tsumma. Shugaban makarantar ya kira ni ofis sau ɗaya yana cewa gonar ta yi kama da wadda aka yi watsi da ita, kuma masu duba makarantu za su zo. Na roƙe shi ya ba ni damina biyu. Awakin maƙwabta sun cinye kalgo uku a ranin farko, sauran kuwa yanzu sun fi 'yan aji ɗaya tsayi.